Daji na Bayan Gidanmu, Mu Muna Kallon na Wasu a Waya: Maganar Keke, Bas da Gandun Daji

  Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba, da masu son karantawa a natse.

Yau maganar yawo za mu yi. Na san da jin haka wani zai ce, "Haba malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutane na neman na awo, kai kana zancen yawon buɗe ido?" Ɗan uwa ka yi haƙuri ka biyo ni. Kafin mu gama za ka ga zancen nan ya biyo ta gonarku.

Duk mai shiga TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Bature ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujeru, ya sa katifa da risho da ɗan firji, ya ɗora sola a sama, ya ɗaure keke biyu a baya. Yau ya kwana a bakin tafki, gobe a gindin dutse. Gari na wayewa ya sauke keke ya shiga daji, yana ɗaukar hoton barewa. Mu kuma muna kwance a Funtuwa ko Malumfashi muna danna masa alamar so, muna cewa Allah ka kai mu Turai.

To tambayar ita ce, wannan wurin da yake shiga, mene ne shi? Kuma mu ba mu da irinsa ne?

MENE NE GANDUN DAJIN ƘASA?

Wuri ne da gwamnati ta shata wa iyaka ta ce: nan ba noma, ba saran itace, ba farauta, ba gini. An bar shi don itatuwa da namun daji su rayu, kuma don mutane su zo su gani. Wannan kashi na biyun shi muke yawan mantawa. Gandun dajin ƙasa ba a yi shi don a kulle ba, an yi shi ne don a shiga da izini, a biya kuɗin ƙofa, a kalla, a fita.

Na farko a duniya shi ne Yellowstone a Amurka, a 1872. A 1916 suka kafa hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare. Yau suna da manyan gandayen ƙasa 63, kuma wuraren da hukumar ke riƙe da su gaba ɗaya suna samun ziyara sama da miliyan 300 a shekara. Ban da wannan, jihohinsu ma suna da nasu ƙananan gandayen. Shi ya sa mai bas ɗin nan yake da wurin kwana duk inda ya nufa: an yi hanya, an yi wurin ajiye mota, an yi bayan gida, an shata turbar keke, kuma akwai ma'aikaci mai kaki da zai zo in wani abu ya faru.

A nan gida Najeriya, abin hawa uku ne. Akwai gandun daji na itatuwa, wanda jiha ke riƙewa, shi ne wanda iyayenmu suka sani da malamin daji mai kama masu saran ice. Akwai gandun namun daji, shi ma yawanci na jiha. Sai gandun dajin ƙasa, wanda ke hannun gwamnatin tarayya. Na farkonmu shi ne na Tafkin Kainji a 1979. Waɗanda aka daɗe da sani guda bakwai ne: Kainji, Tafkin Chadi, Gashaka-Gumti, Kuros Riba, Tsohuwar Oyo, Okomu, sai Kamuku. Yankari da kowa ya sani ya taɓa shiga wannan sahu a 1991, amma a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi.

Ku riƙe sunan ƙarshen nan na cikin bakwai ɗin. Kamuku.

MAƘWABCINMU DA BA MU TAƁA GAISHE SHI BA

Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari a jihar Kaduna. Duk ɗan Funtuwa ya san hanyar Birnin Gwari, ya san 'yan kasuwarmu da direbobinmu sun sha bin ta. Wato a cikin gandayen ƙasa bakwai na Najeriya, guda ɗaya maƙwabcinmu ne na kusa. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e, sannan a 1999 ya zama na ƙasa. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,100.

Me ke ciki? Dajin doka ne, da maje da kaɗanya da ɗorawa, irin dajin da kakanninmu suka sassabe suka yi gonakin auduga da dawa a wannan yanki namu. In kana son ganin yadda ƙasar Maska da ƙasar Galadima suke kafin gatari da garma, kamanninsu na can. An rubuta cewa akwai giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa da birai iri-iri, da tsuntsaye sama da nau'i 170. Akwai magangarar ruwa da ake kira Dogon Ruwa. Akwai wani falalen dutse, Goron Dutse. Akwai Tsaunin Rema, duwatsu ne kan duwatsu, an sa masa sunan ne saboda yawan remar da ke zaune a ciki.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah, a cikinmu nan mutum nawa ya taɓa jin sunan Tsaunin Rema? Amma in aka ce "dajin Kamuku", kowa ya san abin da ke faɗo masa a rai: satar shanu, sansanin 'yan bindiga, kuɗin fansa.

Ga na biyu, wanda ya fi kusa ma. A watan Disamba na 2020, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10. A cikinsu akwai Falgore a Kano, akwai fadamar Haɗeja a Jigawa, akwai kuma dajin Kogo a jihar Katsina, can yankin Faskari. E, namu ne. A wannan watan dai, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shige daji da su. Wata ɗaya, labari biyu, duka a kan daji. Ɗaya ya karaɗe duniya, ɗayan ko mu masu abin ba mu ji shi sosai ba.

YAYA AKA YI DAJI YA SUƁUCE MANA?

Ba dalili ɗaya ba ne, kuma ba zan raina hankalinku in ce rashin 'yan yawon buɗe ido ne ya kawo 'yan bindiga ba. Akwai rikicin gona da burtali, akwai cinye makiyaya, akwai satar shanun da aka yi sakaci da ita tun tana ƙarama, akwai makaman da suka kwararo, akwai haƙar zinare a Zamfara da Birnin Gwari, akwai rashin adalci a wurin shari'a. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ku lura da abu guda. Me ya sa daji ne ya zama mafakarsu? Saboda wuri ne da aka hana talaka shiga, kuma gwamnatin da ta hana ita ma ba ta shiga. Ka duba yadda abin yake tafiya. An shata iyaka. Ƙauyukan da ke gefe an ce kada su yi noma, kada su yi farauta, amma ba su ga ko sisi daga dajin ba. Ma'aikatan gadi 'yan kaɗan ne, ba mota, ba kayan aiki. Hanyoyin ciki sun mutu. Ba baƙo mai zuwa, don haka ba kuɗin ƙofa, ba mai sayar da abinci, ba ɗan jagora, ba ɗan jarida, ba wanda zai yi ƙorafi in abu ya lalace. Da farko mai gawayi da mai katako ne suka shiga. Daga baya ɓarawon shanu ya gane ya sami garke da ba mai leƙowa. Daga nan sai mai bindiga ya kafa sansani. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daji ma haka yake.

Kuma dazuzzukan nan a haɗe suke. Kamuku ya jingina da Kuyambana ta Zamfara, ga Rugu ta yammacin Katsina ta miƙe arewa. Mutum zai yi doguwar tafiya a kan babur bai fito fili ba. Tun 2015 gwamnonin yankin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro Kamuku, amma sojoji na shiga su fita, daji na nan ba mai zama a cikinsa da sunan hukuma. Sambisa ma da kuke ji, ai gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama.

Wa ya biya kuɗin wannan sakaci? Mu. Manomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da ya bar gonarsa ta nesa. Wanda aka sa wa haraji kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa. Mu da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021, Funtuwa da Bakori da Malumfashi duk muna cikin ƙananan hukumomi 13 da abin ya shafa. Uwar da buhun masara ya gagare ta a garin da ake loda masara zuwa kudu. Kun ga inda zancen yawo ya biyo ta gona?

WASU SUN DAWO DA NASU

Kada mu yanke ƙauna. Ruwanda ta ga abin da ya fi namu muni a 1994. Gandun dajinsu na Akagera ya lalace, zakuna suka ƙare. A 2010 gwamnatinsu ta haɗa hannu da wata ƙungiya mai suna African Parks, aka ɗauki ma'aikata, aka gyara hanya, aka yi shinge. A 2015 aka dawo da zakuna, a 2017 aka dawo da karkanda. Dabarar da ta fi burge ni ita ce: kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayensu ke samu daga baƙi, ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a yi aji, a yi asibiti, a ja ruwa. Mutumin da ɗansa ke karatu da kuɗin daji, shi zai fara kai rahoto in ya ga baƙuwar fuska. Kuma ƙasar nan ce a Satumba na 2025 ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka.

A nan gida ma akwai misali. Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane girma a Najeriya, tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take aiki da hukumar gandayen ƙasa a can, ana ɗaukar 'yan yankin aikin gadi ana horar da su. A Yankari kuma ƙungiyar WCS ta daɗe tana tallafa wa sintirin masu gadin giwaye. Abin ba tsafi ba ne. Mutane ne, albashi, hanya, da baƙi.

To mu fa? Bari in faɗa da babbar murya, kada wani ya ce a shirin nan ya ji: BAN CE KOWA YA ƊAUKI KEKE YA NUFI KAMUKU KO KOGO BA. Ko da an ce an yi sulhu a wani yanki, hanya ta buɗe, kasuwa na ci, wannan bai mai da tsakiyar daji wurin shaƙatawa ba. Rai ɗaya ne. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ba ta saba fita kallon ƙasarta ba, ba za ta taɓa tambayar gwamnati ina dajinta ba. Sabon nan kuwa daga kusa ake fara shi.

MU FARA DA KEKE

Keke ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu da Raleigh suka yi tashe, a kansa aka kai auduga ma'auna, a kansa malamin makaranta da malamin gona suka zaga ƙauyuka. Babur ne ya zo ya sa muka fara ganin mai keke kamar wanda ya gaza. Sai ga shi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, keken da aka jingine a zaure ya fito. Tunda dai mun dawo kansa dole, me zai hana mu more shi?

Ƙasarmu ta dace da keke. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa mai wahala sosai, garuruwa kusa da juna. Mai keke da ba ya gaggawa yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Funtuwa zuwa Bakori ba ta kai kilomita 20 ba, wato in kun tashi bayan sallar asuba gari ya yi haske, kun isa, kun sha koko da ƙosai, kun dawo kafin rana ta yi zafi. Funtuwa zuwa Malumfashi wajen kilomita 50 ce, wannan sai wanda ƙafarsa ta saba.

Me za a gani? Wallahi da yawa, ido ne bai saba ba. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, a kan layin da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda shi da auduga suka raya garin. Tsohon garin Maska, inda sarautar Sarkin Maska ta samo suna. Fadamun rake da tumatir na wajen Ɗanja. Gonakin masara da dawa na Ƙafur lokacin kaka. Fadar Galadiman Katsina a Malumfashi. Bakin madatsun ruwa irin Gwaigwaye da Mairuwa, inda za ka ga masunta da zalɓe da balbela, in masu gari sun tabbatar muku da lafiyar hanya a ranar. Ka tsaya gindin kuka ko tsamiyar da ta girmi kakanka. Ka koyi bambanta marke da kanya. Yaranmu da yawa sun san sunan 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, amma ba su san shamuwa ce ke shelar damina ba.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne kaka zuwa farkon hunturu, wato Oktoba zuwa Disamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, gari bai yi ƙura sosai ba, amfanin gona na tsaye. Da bazara, Maris zuwa Mayu, in ba da sassafe ba kada ka soma.

Ga ƙa'idoji, kuma ba na wasa ba ne:

1. Kada ka fita kai kaɗai. Ku zama biyar zuwa goma, da shugaba guda da kowa ke jin maganarsa.
2. Ku tambayi hanya a daren jiya, ku sake tambaya da safe. Direbobin tasha, 'yan acaɓa, mai unguwa da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a 2023, sun fi kowace manhaja sanin abin da ke faruwa. In an ce kada ku je, magana ta ƙare.
3. Ku tsaya kan hanyar da mutane ke bi. Ba yanke ta daji, ba "bari mu leƙa bayan dutsen can".
4. Fita da hasken safe, dawowa kafin la'asar.
5. A gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa. Hoto kuma sai kun dawo ku ɗora. Kada ka sanar wa duniya inda kake a daidai lokacin da kake wurin.
6. Kafin tafiya a kai keke wurin mai gyara: birki, sarƙa, iskar taya. A jaka a sa famfo, sifana, roba da sholisho na faci, ruwa isasshe, da katin shaida.
7. Babban titi na manyan motoci ne, ba sa ganin mai keke. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya a gefe, a sa riga mai haske, mai hali ya sa hular kwano.
8. In kun shiga gari, ku fara da gaisuwa wurin mai gari. Kada a ɗauki hoton mutum, ballantana matan aure, sai da izini. Leda da robar ruwa kuwa, yadda kuka zo da su haka za ku koma da su.

SAI MAGANAR BAS

Mu ba sai mun sayi bas mun sa mata katifa ba. Wannan rayuwar ta inda mutum zai kwana a gefen hanya ya tashi lafiya ce. Namu salon shi ne shata. Ku haɗu ku goma sha huɗu, ku je tasha ku yi magana da shugabannin direbobi, su ba ku Hiace da direban da aka sani. Misali kawai, a ce an yi ciniki naira 140,000 zuwa da dawowa, kowa 10,000 ke nan. Ku yi adashi na wata uku, kuɗin ya fito ba wanda ya ji a jikinsa. Abinci daga gida: dambu, soyayyen nama in da hali, zoɓo a kula. A duba taya da safaya da takardun mota tun jajibiri. Tafiyar dare kuwa babu ita ko kaɗan.

Ina za a je? A fara da na yini ɗaya. Zariya na nan kusa, ga Dutsen Kufena, in ka hau za ka ga gari da gonaki shimfiɗe a ƙasanka. Daga Malumfashi ta Gwarzo an shiga Kano, a hau Dala, wanda ya ƙara himma ya wuce madatsar Tiga. In ƙungiya ta yi ƙwari, sai a yi shirin kwana biyu ko uku zuwa Yankari.

Yankari dai ya cancanci a yi masa tanadi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya kai ninki biyu na Kamuku. Yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna, gwanki, dorina, da birai marasa kunya da za su ƙwace maka leda a hannu in ka yi sake. Akwai ruwan Wikki mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Lokacin ganin dabbobi shi ne rani, don ciyawa ta kwanta kuma ƙishi na tara su a bakin kogin Gaji. A can ba a shiga daji da ƙafa ko da keke yadda aka ga dama, motar gandun ake shiga da ɗan jagora. Kuma shi ma ku kira ku tambaya kafin ku tashi, don a 'yan shekarun nan an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Alƙaleri da ke kewaye da shi.

'Yan uwa mata, ban manta da ku ba. Tafiyar bas ta fi sauƙin tsarawa: ƙungiyar ɗalibai, malaman Islamiyya da ɗalibansu, ko dangi guda da iyaye da yayye a ciki. Ƙasar nan taku ce kamar yadda take tamu, kuma uwar da ta ga giwa da idonta, labarin da za ta ba 'ya'yanta daban ne.

ME ZA MU NEMA A WURIN SHUGABANNI?

In mun fara fita, bakinmu zai yi nauyi. Lokacin ne za mu tari ɗan majalisarmu na tarayya da na jiha da tambayoyin da ba su saba ji ba. Ranka ya daɗe, dajin Kogo da aka amince ya zama na ƙasa tun 2020, ina aka kwana? Ina iyakarsa? Nawa aka sa masa a kasafin bana? In za a ɗauki masu gadi, 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyayan yankin nawa za a ɗauka, tunda su suka san kowace turba? Wane kaso ƙauyukan gefe za su samu? In an yi sulhu ko an kori 'yan bindiga daga wani yanki, wa zai zauna a wurin washegari?

Wannan ta ƙarshen ita ce uwar tambayoyin. Korar ɓarawo daga kango ba ta hana wani shiga, sai in an gyara kangon an zauna.

A matakin ƙaramar hukuma ma akwai abin yi mai araha: 'yan bishiyoyi da benci da wurin sallah da bayan gida a bakin madatsar ruwa, da mai gadi. Makarantun sakandare su dawo da fita da ɗalibai ko sau ɗaya a shekara. Ranar 3 ga Yuni kuma ita ce ranar keke ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta tun 2018. Me zai hana matasan Funtuwa da na Malumfashi su yi zagayen cikin gari a ranar, kowa da kekensa, tsoho da sabo?

Aikin wannan makon mai sauƙi ne. Ka nemi dattijo guda a unguwarku, ka tambaye shi wane daji ne ke kusa da garinku lokacin yana yaro, wace dabba ya taɓa gani a ciki, yaushe ya daina ganinta. Ka rubuto mana abin da ya ce. Sannan ka duba keken nan da ke jingine a zaure, ka kai shi a sa masa iska.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya sa mu ga ranar da bas za ta tashi daga tashar Funtuwa cike da ɗalibai, yaron mota na kiran "Kamuku, Dogon Ruwa, saura mutum ɗaya!"

A tura wa abokai. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.